MABUSAN GARIN 'YAN KWAL: TARIHIN ƘUNGIYAR SHOTTS DA FAƊI-TASHINTA A FAGEN GASA

(Jawabin da aka gabatar a daren raya al'adu na ƙungiyarmu)



Da aka ba mu wannan dama, wasu sun zaci za mu yi magana ne a kan kakaki ko kalangu. To, yau mun ɗan yi nisan kiwo. Za mu tafi har ƙasar Sikotilan da ke arewacin Birtaniya, mu kawo muku labarin wata ƙungiyar mabusa da makaɗa ta wani ƙaramin gari, wadda ta shekara fiye da 100 ba ta mutu ba. Dalilin zaɓen labarin zai fito da kansa in an yi haƙuri da mu.

Da farko bari mu san abin busan. Duk wanda ya taɓa kallon faretin soja ko na 'yan sanda, ba mamaki ya ga 'yan badujala ɗauke da wata algaita mai salka a hammata, da sanduna uku a jingine a kafaɗa. Ita ce muke nufi. Mai algaitarmu kumatunsa ne ma'ajiyar iskarsa, yana shaƙa ta hanci yana turawa ta baki, shi ya sa sautin ba ya yankewa. Su kuwa mutanen Sikotilan sai suka ɗora wa salkar fata wannan aiki. Mabushi ya hura iska cikin salka, ya matsa ta da hannu, iskar ta fita ta hanya huɗu. Sanduna ukun nan suna gunji ɗaya ba canji, ta huɗun kuma ita ce mai huji-huji, wadda yatsu ke wasa a kanta, muryoyinta tara kacal. Abin da zai ba ku sha'awa, itacen da aka fi sassaƙa ta da shi baƙin icce ne na nan Afirka, daga Tanzaniya da Mozambik ake kai shi.

Su waɗannan mutane ba su tsaya ga busa don biki kawai ba, gasa suke yi, kuma gasa mai tsanani. A 1930 suka kafa hukumar da ke kula da ƙungiyoyin busa, daga 1947 kuma ita ke shirya gasar duniya. Tun 1986 a birnin Gilasgo ake yin ta cikin watan Agusta, ƙungiyoyi wajen 200 kan taru daga ƙasashe dabam-dabam. An kasa su aji-aji, daga na yara 'yan koyo har zuwa aji na ɗaya, inda gwanaye suke. Ƙungiya za ta shigo fili da maci, ta yi da'ira, ta yi 'yan mintoci tana busa. Alƙalai huɗu ke zagaya ta, biyu na sauraron busa, ɗaya na sauraron ganguna, ɗaya kuma yana duba yadda busa da kiɗa suka haɗu. Ku tuna fa, mutum 20 ne ko fiye ake so su yi sauti kamar mutum ɗaya. Yatsan mutum guda ya kuskure, ko ruwan sama ya jiƙa kayan busa sautin ya karkace, to wahalar shekara guda ta tafi a banza.

Yanzu sai mu zo ga Shotts. Gari ne da ke kusan tsakiyar hanya tsakanin Gilasgo da Edinbara. Ba garin sarauta ba ne, ba na attajirai ba. Garin masu haƙar kwal ne da masu narka ƙarfe, mutanen da ke shiga rami da asuba su fito baƙi ƙirin. A 1910 waɗannan leburori suka kafa ƙungiyar da ake kira Shotts and Dykehead Caledonia. Kusan shekara 20 ta yi tana ƙungiyar unguwa kawai. Sai a 1929 wani mai suna Tom McAllister ya zama sarkin busanta, ya ɗauke ta daga ƙananan azuzuwa ya kai ta aji na ɗaya. Amma kofin duniya bai zo ba sai 1948. Ku lissafa da kanku, shekara 38 ke nan daga kafuwarta. Sannu ba ta hana zuwa. A 1952 suka ƙara ɗauka.

A 1954 dattijo ya sauka ya miƙa wa ɗansa John. A nan ne abin ya yi armashi, domin a 1957 aka samo wani makaɗi mai suna Alex Duthart, wanda maƙeri ne a masana'antar ƙarfe. Kafin zuwansa, yawancin mutane sun ɗauki ganga a matsayin mai riƙe wa mabusa taki kawai. Shi kuwa sai ya saurari yadda makaɗan ƙasar Suwizalan ke sarrafa sanda, ya saurari na makaɗan jaz na Amurka, ya ɗebo abin da ya dace ya zuba cikin kiɗan gida, har ganga ta koma tana amsa wa algaita magana. Shotts ta ɗauki kofin duniya shekara huɗu a jere, 1957, 1958, 1959 da 1960. Salon kiɗan da ya kawo shi ne tushen abin da makaɗan wannan fage ke bi har yau. Mutumin nan da ganga a jikinsa ya bar duniya, a 1986, a wurin wani fareti a birnin Niyok.

To amma duniya rawar 'yan mata ce. Bayan 1960 sai aka shiga fari na shekara tara. Wata ƙungiya ta wani kamfanin katako, Muirhead and Sons, ta kama kofin ta riƙe daga 1965 har 1969. A cikin shekarun 1960 ne kuma ramin kwal na ƙarshe a garin Shotts ya rufe. Ku duba wannan hali, jama'a. Sana'ar da ta tara mutanen garin ta mutu, kofi ya koma hannun wasu. Da a ce ƙungiyar ta wargaje a lokacin, ba wanda zai ga laifinta. Amma ba ta wargaje ba. A 1968 wani ɗan dattijon, shi ma Tom sunansa, ya karɓi ragama daga ɗan'uwansa, ya dawo da kofin a 1970, 1973, 1974 da 1980. Wato gida ɗaya, uba da 'ya'yansa biyu, sun ci kofin duniya sau 10.

A nan kuma wata jarrabawar ta taso, irin wadda mu ma mun san ta sarai. Gida ɗaya ya riƙe shugabanci shekara fiye da 50, to in sun tafi wa zai riƙe? Da Tom ƙarami ya ajiye aiki a farkon rabin shekarun 1980, sai ƙungiya ta yi sanyi. A daidai lokacin 'yan sandan Strathclyde ke cin karensu ba babbaka, sun ɗauki kofi sau shida a jere daga 1981 zuwa 1986. Bugu da ƙari baƙi suka fara shigowa. A 1987 wata ƙungiya daga Kanada ta zama ta farko da ta fitar da kofin daga Sikotilan, daga baya mutanen Ailan ta Arewa da na Ostareliya su ma suka ɗanɗana.

Abin da mutanen Shotts suka yi shi ne abin lura. Ba su ce dole sai ɗan gidan McAllister ba. Sun nemo mutum biyu daga ƙungiyar wani ramin kwal da ke maƙwabtaka da su, Polkemmet, wato Robert Mathieson a matsayin sarkin busa da Jim Kilpatrick a matsayin sarkin kiɗa. Ba su kuma ƙosa da su ba. Shekara bakwai zuwa takwas mutanen nan suna gini kafin kofi ya dawo a 1994, bayan shekara 14 rabon garin da shi. Daga nan sai 1997, 2000, 2003 da 2005. Shi Kilpatrick, a gasar makaɗa ta mutum ɗai-ɗai, sau 16 yana zama zakaran duniya.

Mathieson ya sauka a 2010, ƙungiya ta sake tangal-tangal. A 2012 suka ɗauko wani saurayi daga Ailan ta Arewa, Ryan Canning, wanda ya fito daga babbar abokiyar hamayyarsu, Field Marshal Montgomery. Ita wannan ta ci kofi huɗu a jere daga 2011 zuwa 2014, ana ganin ba mai iya tare ta. A 2015 Shotts ta taka mata birki, ta ɗauki kofinta na 16. A ƙarshen shekarar Kilpatrick ya bar ƙungiyar bayan kusan shekara 30 yana jagorantar gangunanta. Daga 2016 zuwa 2024 kofin bai koma Shotts ba, a 2020 da 2021 ma ba a yi gasar ba saboda annobar korona.

Su wa ke ɗauka a waɗannan shekaru? Ban da Field Marshal, akwai ƙungiyar Inveraray, wani ɗan gari a bakin ruwa wanda mutanensa ba su kai 1,000 ba. Wani gwanin mabushi, Stuart Liddell, shi ya fara tara yaran yankin yana koya musu a farkon shekarun 2000. Daga ajin 'yan koyo suka riƙa hawa, a 2010 suka shiga aji na ɗaya, a 2017 suka zama zakarun duniya, suka maimaita a 2019 da 2024. Sai kuma Boghall and Bathgate, wadda aka kafa a 1972, aka san ta da renon yara, ta jira shekara 51 kafin ta ɗauki kofin a karon farko a 2023.

Ranka ya daɗe, ga inda muka nufa. Ita Muirhead ɗin nan da ta ci kofi biyar a jere, kafin ƙarshen shekarun 1970 ta watse. Ƙungiyar 'yan sandan Edinbara, wadda ita ma ta sha ɗaukar kofi, an rufe ta. Waɗannan a jikin ma'aikata suka rataya. Shotts kuwa ta mutanen gari ce, ga shi kwal ya ƙare ita tana nan. Mu da muke zaune nesa da garuruwan kakanninmu, ƙungiya nawa muka kafa da ɗoki, da shugaba ya rasu ko ya koma gida sai ta bi shi? Sau nawa muka hana mai iyawa riƙe aiki don ba ɗan gidan wane ba ne? In ana naɗin sarauta ko bikin Sallah, sau nawa muke aikawa Arewa a ɗauko mana mai algaita da mai kakaki, a biya kuɗin mota da masauki, alhali ga yaranmu nan cike da unguwa ba wanda aka koya wa?

Saboda haka muna roƙon kwamitin al'adu ya duba abu uku. Na ɗaya, a binciko dattawan da suka iya busa da kiɗa a cikinmu tun suna da ƙarfi. Na biyu, a ware rana ɗaya a mako, bayan an tashi daga makaranta, a haɗa su da yaran da iyayensu suka yarda. Na uku, a ware wani abu daga kuɗin wata-wata don sayen kayan busa da ganguna, su zama mallakar ƙungiya, a rubuta su a littafi. Kada mu sa ran ganin sakamako bana ko baɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma kafin ya yi inuwa sai an jira.