Alƙaluman rashin aiki da abin da muke gani a fada

Jawabin da ɗaya daga cikin ɗaliban jami'a na ƙungiyarmu ya gabatar a zaman tunawa da kafa ta



Malamanmu, iyayenmu, shugabannin ƙungiya, ƴan uwa maza da mata, ina neman afuwa da na tsaya gabanku alhali akwai waɗanda suka fi ni shekaru da sani. An ce in yi magana kan aikin yi da rashinsa a Nijar, don mu ɗalibai ne maganar ta fi ci wa tuwo a ƙwarya.

Zan fara da wani abin mamaki. In kuka duba jadawalin Bankin Duniya, wanda ya ɗauko ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, za ku tarar an rubuta marasa aiki a Nijar ba su kai 1 cikin 100 ba. Ke nan mun fi Faransa, mun fi Jamus. Ranar da na fara ganin haka dariya na yi, don da safen nan na ratsa fada uku kafin in kai jami'a, kowace cike da samari ana dafa shayi.

To ƙarya aka yi? A'a. Sirrin yana ga ma'aunin. A ƙa'idar masu ƙididdiga, duk wanda ya yi aiki ko da awa 1 ce a cikin makon da aka zo tambaya, don samun kuɗi ko wata riba, mai aiki ne. Mara aiki kuwa sai ya cika sharaɗi 3: bai yi aikin komi ba, yana nema, kuma a shirye yake ya kama. An auna wannan ne da ƙasashen da gwamnati ke biyan mara aiki wani abu duk wata. Mu nan wa zai zauna mako guda bai taɓa komi ba, ya ci me? Mai tallan ruwan sanyi a tasha mai aiki ne. Yayana da ya fito da lisans, shekara 4 ke nan yana kabu-kabu da babur ɗin wani, shi ma mai aiki ne a takarda. Wanda ya gaji da kai dosiye ya daina nema, an fitar da shi daga lissafin baki ɗaya.

Saboda haka ciwonmu yana ga irin aikin. Mafi yawan ƴan Nijar da noma da kiwo suka dogara, damina kuma wata 3 ce zuwa 4. Da an sa hatsi rumbu sai hannu ya zauna, sai cin rani: Kano, Legas, Abijan, Libiya, Aljeriya, ko haƙar zinariya a Djado tun da aka gano ta a 2014. A birane ma akasarin ayyukan ba takarda, ba fansho, ba inshora. Abin da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta bi diddigi ke nan a binciken da ta yi a 2017 tare da sauran ƙasashen UEMOA. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga jika 30 da ƴan kai zuwa jika 42 a farkon 2024, madalla, amma yaron shago da mai wankin mota ba su san da zancen ba.

Yanzu ku yi lissafi da ni. Ƙidayar 2001 ta ba da mutum miliyan 11, ta 2012 ta ba da miliyan 17 da ɗoriya, kuma kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Yara wajen miliyan 8 da rabi ke nan. Ku raba su gida 15, za ku samu sama da 500,000 da ke isa shekarun neman na kai kowace shekara. Yaran nan na 2012 mu ne, ni da ku.

Magabata ba su naɗe hannu ba, gaskiya dai a faɗe ta. Akwai hukumar ANPE mai rijistar masu neman aiki da haɗa su da kamfanoni. Akwai asusun FAFPA da ke ɗaukar nauyin koyon sana'a, da cibiyoyin koyar da sana'o'i a cikin kwaminoni. Akwai bautar ƙasa ta shekara 2 ga waɗanda suka gama jami'a. A 2011 gwamnatin Mahamadou Issoufou ta yi alkawarin aiki 50,000 a shekara, aka kuma kawo shirin 3N na ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar. A shekarar ce aka buɗe matatar SORAZ a Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, a 2024 kuma ɗanyen mai ya fara bin bututun kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin.

Amma ku ɗora 50,000 a kan 500,000. Ko da alkawarin ya cika ɗari bisa ɗari, mutum 1 ne cikin 10. Man fetur da yuraniyom suna kawo kuɗi, amma injuna ne ke mafi yawan aikin. Kuma ma'adini yana ƙarewa: mun ga yadda aka rufe COMINAK a Arlit a watan Maris na 2021, magidanta suka dawo gida. A ɗaya gefen, jami'o'i sun ƙaru. Da can ta Abdou Moumouni a Yamai ce kaɗai ta gwamnati, a 2010 aka samu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Alheri ne babba. Sai dai dukkanmu ƙofa guda muka nufa, wato kwankur ɗin shiga aikin gwamnati, ƙofar kuwa ba ta faɗaɗa yadda muka yawaita ba.

Nan ne nake son mu duba kanmu. Mu ƴan lakwal mun ɗauko wata ɗabi'a ta raina aikin hannu. Wanda ya samu bak yana jin kunyar a gan shi da baƙin mai a riga. Ina muka samo wannan? Annabinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kiwon tumaki, ya yi fatauci. Annabi Dawuda, da sarautarsa, daga aikin hannunsa yake ci. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina ba ko dala, ɗan uwansa na Ansaru ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Tawakkali da ɗaure raƙumi tare suke tafiya.

Kuma kasuwar tana nan. Albasar Galmi tana kai wa har Gana da Kodebuwa, amma tana ruɓewa a hannun manomi saboda rashin wurin ajiya. Fatunmu suna fita ɗanye, mu sayo takalmin da aka ɗinka a waje. Fanfunan hasken rana suna yawaita a garake, masu gyaransu kaɗan ne. Waɗannan wurare ne da ke jiran mai ilimi, wanda ya iya lissafi da rubutu da kwamfuta.

Ina da roƙo 3 ga ƙungiya. Na farko, mu yi tamu ƙidayar: kowane reshe ya rubuta membobinsa, me suka karanta, me suka iya, wata nawa suke aiki a shekara, mata da maza. Na biyu, iyayenmu ƴan kasuwa da masu gareji da teloli da ke cikin zauren nan, kowa ya ɗauki yaro ko yarinya guda ya koya masa, da yarjejeniya a rubuce da wa'adi, don kada koyo ya koma bauta. Na uku, mu kafa asusun rance marar ruwa, kowa ya zuba ko dala 100 ce a wata, malamanmu su tsara mana ƙa'idarsa bisa shari'a, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a.

Ga magabata kuma, da ladabi, muna roƙon a riƙa fitar da alƙaluman aiki a kai a kai, jaha jaha, a bayyana su da harsunan ƙasa a rediyo. A kuma tsare adalci a kwankur, don ɗan talaka ya yarda cewa karatunsa zai fisshe shi.

Ƙannena da ke kolej da lise, kada abin da na faɗa ya sa ku ajiye littafi. Ku riƙe shi gam, ku haɗa da sana'a tun yanzu, lokacin hutu. Zaman banza shi ke kai samari ga tiramol da faɗan daba da hanyar sahara wadda wasu ba su dawo ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, malamai su gyara mini. Allah ya ba mu abin yi na halal, ya sa albarka cikinsa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.