Kukan Kwaɗi a Damina: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Maganata a yau a kan kwaɗo take. Na san wasu za su yi murmushi, to amma a yi mini haƙuri a saurara.

A can tekun Karibiyan akwai tsibirai biyu, Dominika da Montserrat. Allah ya ajiye musu wani ƙaton kwaɗo, kamar burduddugin wajenmu, wanda nauyinsa kan kai kilo guda. A duk duniya nan kaɗai ya rage, kuma a da mutanen wurin cinsa suke yi. A shekarar 2002 wata cutar fata ta ɓulla a Dominika, cikin shekara ɗaya da rabi ta kashe fiye da kashi 80 cikin 100 na kwaɗin. A 2009 ta tsallaka Montserrat, har sai da aka kwashi guda 50 a jirgin sama zuwa gidajen namun daji na Turai domin kada irin ya ƙare.

Mu ma muna da irin wannan. A duwatsun Idanre na Jihar Ondo akwai wani kwaɗo da ba a san shi a ko'ina ba sai can. An yi shekara kusan 40 ba a gan shi ba, sai a 2013. Binciken masana na 2023 kuwa ya nuna kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗi a duniya suna cikin haɗarin ƙarewa.

To, ina ruwan Kaduna? Kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, har numfashi yana yi da ita. Saboda haka duk dafin da ya shiga rafi shi yake fara kamawa. Idan muka cike fadamun Malali da Unguwar Rimi da gine-gine, muka zuba shara da baƙin mai a magudanu, muka yi feshin magani barkatai a lambunan bakin kogi, kwaɗi za su yi shiru. Ran da suka yi shiru, ruwan da 'ya'yanmu ke wasa a ciki ya riga ya ɓaci, ƙwarin da suke cinye mana kuma sun sami sake.

Don haka ina roƙon ƙungiyarmu ta haƙa wa makarantarmu ɗan ƙaramin tafki, ta kewaye shi, ɗalibai su riƙa ƙirga kwaɗinsa kowace damina tare da malamin kimiyya, suna rubutawa. Injiniyoyi da masu tsara gari da ke cikinmu kuma su bar wa fadama hanyarta. Rigakafi ya fi magani.