JAWABI A KAN SABON IRIN WAKE DA CUTAR SHUKA

 

Abin da ya tara mu yau batun iri ne. Waɗansu ƴan'uwanmu da ke zuwa Kano da Katsina sun kawo labarin wani wake da tsutsa ba ta ci. Dattawa kuma suka yi tambaya: abin da aka sa cikin waken nan, ba ya fita ya shiga ƙwayoyin cutar shuka, ya ƙara musu ƙarfi? Tambaya ce ta masu hankali, ga abin da muka samo.

Sunan waken SAMPEA 20-T. Cibiyar binciken noma ta Zariya ce ta fitar da shi a shekarar 2019. An sa masa ƙwayar gado biyu daga bakteriya, watau ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ta fari tana kashe tsutsar da ke cin fure da kwanson wake. Ta biyu alama ce da masu bincike ke gane shukar da ta karɓi gadon, kuma tana sa jure wa wani magani da ake kira kanamisin. Wannan ta biyu ita ce abin tsoron: kada bakteriya ta ɗauke ta, magani ya daina ci.

To, ku sani, musayar gado tsakanin shuka da bakteriya ta girmi kakanninmu. Akwai wata bakteriyar ƙasa, Agrobacterium, mai zuba gadonta cikin shuka har ƙulli ya fito a gindi. Da ita aka yi shukokin farko na irin wannan a 1983. A 2015 kuwa aka gano dankalin da muke ci yana ɗauke da gadonta tun fil azal.

Amma daga shuka zuwa bakteriya, hanyar na da wuya. A Jamus a 1998, da Faransa a 2002, masu bincike sun ga hakan ta faru, amma cikin ɗakin gwaji, kuma sai da suka riga suka sa wa bakteriyar wani guntun gado mai kama da na shukar. A Faransa an binciki gonar da aka shekara 10 ana noma masara irin wannan. Sakamakon da ya fito a 2008 bai nuna ta bambanta da maƙwabtanta wajen bakteriya masu jure magani ba. Irin wannan juriya tana nan cikin ƙasa tun kafin sabon iri.

Saboda haka haɗarin da ya fi kusa da mu wani ne. Maƙwabtanmu na Burkina sun karɓi kaɗa irin wannan a 2008, suka bar ta a 2016 don zarenta ya gajarce, kuɗinta ya faɗi. Ba cuta ce ta kayar da su ba, kasuwa ce. Mu ma in muka cuɗe irin kakanninmu da baƙo, ranar da muka nemi namu ba za mu same shi ba.

Ga shawararmu:

1. Kada kowa ya sayi iri a tiya ba tare da sanin asalinsa ba.
2. Wanda ya zo da baƙon iri, ya kai wa malamin gona ko ma'aikatan INRAN su duba kafin ya shuka, don shigo da irin wannan iri yana da doka.
3. Kowane gida ya keɓe irinsa na gado cikin rumbu, kada a gauraya.
4. A tuna waken nan tsutsar fure kaɗai yake kashewa. Ba ya hana darɓa, ba ya hana ƙwaron rumbu.

Wanda ya ji, ya faɗa wa wanda bai zo ba. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya maido matafiyanmu gida lafiya. Wassalam.