Zumunci a Ƙafa Yake: Sabon Gida da Ziyarar Dangi

Karatu: Fitowa 18:1-27

    

Maganarmu ta yau taku ce, ku da ba ku daɗe da yin aure ba, masu yaro ɗaya ko biyu, masu zaman haya a ciki da falo. Amma iyaye da surukai, kada ku kashe rediyo, gama akwai naku rabon a gaba.

Mun san yadda yininku yake. Tun asuba uwargida ta tashi ta hura gawayi, ta dama kunun gyaɗa, ta yi wa yara wanka da ruwan da aka saya wurin mai kura. Maigida ya fita nema, ko a kasuwar shanu, ko a shago, ko a makarantar da yake koyarwa, ko kuwa ya ɗauki keke Napep na wani yana kai balas da yamma. Ita ma tana da nata, ko ɗinki, ko kitso, ko aikin ofis. Da dare kowa ya dawo a gajiye. An ci tuwo, yara sun yi barci. Sai waya ta yi ƙara, ashe Mama ce daga ƙauye. Ta ce, "Yaushe za ku kawo mini jikokina in gan su?" Maigida ya ce, "Mama, muna nan zuwa, bari a yi albashi." An yi albashi sau shida, ba a je ba.

Ba mu ce mugunta ce ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hau ƙwarai, tafiyar mutum huɗu kuma ba wasa ba ce. Wani kunya yake ji ya je hannu wofi. Wata tana tsoron maganganun uwar miji. A wani gidan kuma gardamar ita ce, Kirsimeti na bana gidan iyayen wa za a je? Da haka da haka hanya takan yi ciyawa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Bari mu ga ko Maganar Allah tana da abin da za ta koya mana a kan wannan.

A cikin Fitowa sura 18 akwai labarin wata ziyara. Isra'ilawa sun fito daga Masar, sun yi zango a jeji kusa da dutsen Allah. Sai ga Yetro, firist na Madayana, surukin Musa, ya taso ya kawo masa matarsa Ziffora da 'ya'yansa biyu, Gershom da Eliyezer. Musa ba yaro ba ne a lokacin, ya kai shekara 80. Duk da haka abin da ya faru tsakaninsa da surukinsa makaranta ce ga kowane sabon gida. Za mu ɗauki abu biyar.

Na fari, gidan dangi mafaka ne

Me ya kai Ziffora da yaran gidan mahaifinta? Aya ta 2 ta nuna mana Musa ne ya mai da ita can. Sa'ad da yake fama da Fir'auna, iyalinsa suna zaune lafiya a gidan surukinsa. Musa ya iya yin haka domin tsakaninsa da Yetro akwai shiri. Shekaru da yawa ya yi yana kiwon tumakin mutumin, kuma da zai koma Masar sai da ya je ya nemi izininsa, suka rabu da salama, kamar yadda sura 4 ta nuna.

Mu mutanen Mubi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ranar 29 ga Oktoba, 2014, 'yan Boko Haram suka shiga garin nan. Kirista da Musulmi, kowa ya kama yaransa ya gudu. Waɗansu suka bi ta duwatsu zuwa Kamaru da ƙafa, waɗansu suka nufi Yola, tafiyar kusan kilomita 200. An ƙwato garin a watan Nuwamba na shekarar, amma mutane da yawa sun daɗe ba su dawo ba. Ina suka zauna? An buɗe sansanonin gudun hijira, gaskiya ne, amma mafi yawan mutane a gidajen jama'a suka sauka: gidan kawu, gidan gwaggo, gidan suruki, gidan abokin baba. Ɗakin mutum huɗu ya ɗauki iyali biyu ko uku, tukunya ɗaya ta ciyar da kowa.

Ku da kuke sababbin ma'aurata yau, da yawanku yara ne a lokacin. Ku tambayi iyayenku ƙofar wa suka buga a daren nan. Za ku tarar ƙofar da suka saba takawa ce tun ana zaman lafiya. Gida biyu maganin gobara. Ba muna cewa a yi zumunci domin ranar wahala kaɗai ba, amma wanda bai san hanyar gidan ɗan'uwansa da rana ba, da wuya ya gane ta cikin dare.

Na biyu, girmama manya ba ya rage mutum

Musa shugaban al'umma ne, ta hannunsa Allah ya raba teku. Amma da ya ji surukinsa ya iso, bai aiki Joshuwa ya shigo da shi ba. Da kansa ya fita ya tarye shi, ya rusuna, ya sumbace shi, suka gaisa suka tambayi lafiyar juna, sa'an nan suka shiga alfarwa.

Ɗan'uwa, ko kana da takardar digiri daga Jami'ar Jihar Adamawa, in ka isa gidan surukinka ka durƙusa ka gaishe shi yadda al'adar gidan take. 'Yar'uwa, ko albashinki ya fi na mijinki, in kin je gidansu ki ɗaura zane ki shiga madafa ki kama wa Mama aiki. Yaranku suna kallo. Yadda suka ga kuna yi wa kakanninsu, haka za su yi muku wata rana.

Ga wani abu kuma da yake damunmu. Ƙasarmu tana da harsuna da yawa: Fali, Gude, Njanyi, Higi, Margi, Kilba, Fulatanci. Yaran da aka haifa a cikin gari sukan tashi da Hausa da Turanci kaɗai. Sai a kai su ƙauye, kaka ta yi musu magana da harshen gida, su tsaya suna kallonta kamar baƙuwa. Ku koya musu ko da gaisuwa ce da godiya. Manzo Bulus ya tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Yaya kaka za ta ba jikanta abin da yake zuciyarta idan ba sa jin maganar juna?

Na uku, ziyara zama ce, ba kai kaya ba

Da suka shiga alfarwa, Musa ya zauna ya ba surukinsa labari duka. Ya faɗi abin da Ubangiji ya yi wa Fir'auna, ya faɗi wahalar da suka sha a hanya, ya kuma faɗi yadda Allah ya cece su. Bai ɓoye wahalar ba, bai kuma manta da ceton ba. Yetro ya yi murna, ya yabi Allah, ya miƙa hadaya, Haruna da dattawan Isra'ila suka zo suka ci abinci tare da shi.

Ku lura, surar ba ta ba mu lissafin tsarabar da wani ya kawo ba. Mu kuwa tsaraba ce take hana mu tafiya. Tsaraba tana da kyau. Sabulu, sukari, gishiri, ɗan man girki, duk suna faranta ran tsoho. Amma tsohuwar da take kiran waya ba sukari take nema ba, jikanta take so ta goya. In abin da kuke da shi kuɗin mota ne kaɗai, ku je. Ku faɗa wa Baba gaskiya cewa abubuwa sun yi wuya a gari. Yawancin lokaci ma ku ne za ku dawo da dawa, da gyaɗa, da busasshiyar kuɓewa, har da kaza. In kun isa kuma, ku ajiye waya a aljihu. Ku zauna a tabarma, ku ji labarin gona, ku yi addu'a tare kafin ku tashi. Waya tana da amfani, amma ba ta ganin ramar tsoho, ba ta kuma ganin rufin ɗaki yana yoyo.

Na huɗu, akwai yadda ake ba da shawara, akwai yadda ake karɓa

Iyaye da surukai, ga naku. Kashegari Musa ya zauna yana yi wa jama'a shari'a tun safe har yamma. Yetro bai ce kome ba sai da ya gama kallo. Sa'an nan ya yi tambaya, ya saurari amsa, kana ya nuna wa Musa cewa wannan aiki zai gajiyar da shi, ya gajiyar da jama'a. Ya ba shi shawara ya zaɓi amintattun mutane masu tsoron Allah, ya sa su shugabannin dubu dubu, da ɗari ɗari, da hamsin hamsin, da goma goma. A aya ta 23 kuma ya jingina maganar ga umarnin Allah. Bai ƙwace sandan Musa ba, bai kuma zuga 'yarsa a kan mijinta ba.

Mama, in kin je gidan ɗanki, ki fara kallo kafin ki yi magana. Tukunyar gidan ta matarsa ce. In kin ga abin gyara, ki kira ta gefe ki ce, "'Yata, zo in nuna miki," ba a gaban yara ba, ba kuma ta bayan idonta ba. Tun a Farawa 2:24 Allah ya shirya mutum ya bar iyayensa ya manne wa matarsa. Gidan nan sabon gida ne, masu shi su biyu ne.

Ku kuma matasa, Musa ya ji maganar surukinsa ya aikata. Mutumin da yake magana da Allah a kan dutse ya karɓi gyara daga bakin tsoho. Barin iyaye ba yar da iyaye ba ne. A Markus sura 7 Yesu ya tsauta wa waɗanda suke fakewa da baiko ga Allah don su guje wa taimakon iyayensu. Amma ku kiyaye abu guda: ƙaramin saɓanin da ke tsakaninku ku gama shi a ɗakinku. Ku za ku shirya kafin gari ya waye, dangi kuwa za su riƙe maganar shekara da shekaru. Idan abin ya kai ga duka ko barazana ga rai, wannan ba na ɓoyewa ba ne, a gaya wa iyaye da shugabannin ikkilisiya da hukuma.

Na biyar, baƙo raɓa ne

Kafin Yetro ya iso, ya aika wa Musa cewa yana zuwa. Da ya gama abin da ya kawo shi, Musa ya sallame shi ya koma ƙasarsa. Ya shigo da sanarwa, ya fita da mutunci.

Wanda yake zaune a Mubi ba ya rasa baƙi. Ga ƙane ya sami gurbin karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga gwaggo an kawo ta asibiti, ga kawu ya zo cin kasuwa. Karɓar baƙi aikin mai bi ne, Ibraniyawa 13:2 ta tuna mana. Amma maigida, kada ka amsa wa kowa sai kun yi shawara da matarka, gama ita ce za ta auna hatsin, ita ce za ta raba tabarma. Ku daidaita a kan kwana nawa, da wa zai ɗauki nauyin me. Dangin miji da dangin mata kuma a auna musu da mudu ɗaya. Kai baƙo kuma, ka yi waya kafin ka taso, ka kama aikin gida, ka san lokacin tafiya. Karin Magana 25:17 ta gargaɗe mu kada yawan zuwa ya sa a gaji da mu.

Me za mu yi yanzu?

Muna roƙonku, a daren yau bayan addu'ar iyali, miji da mata ku ɗauki kalanda. Ku sa rana biyu kafin shekara ta ƙare, ɗaya ta gidansu, ɗaya ta gidanku. Ku nemi asusu kuna jefa ɗan abin da ya samu domin kuɗin mota. In bana an yi Kirsimeti a wannan gida, baɗi a yi a wancan. In akwai ɗan'uwan da kuka yi shekaru ba kwa magana, ku fara da shi. Mun tsaya a bakin kabari sau da yawa, mun ga mutane sun yi hayar mota guda sun zo jana'izar tsohon da ba su leƙa ba yana da rai. Kuɗin da ya samu ranar biso, da an nema da ya samu tun tsohon yana iya sa wa jikokinsa albarka.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin gidajenmu da danginmu. Mun gode domin waɗanda suka buɗe mana ƙofa a ranar gudu. Ka gafarta mana inda muka bar zumunci ya mutu. Ka ba sababbin ma'aurata ƙauna da haƙuri da abin biyan bukata. Ka ba iyaye da surukai hikima irin ta Yetro, ka ba matasa tawali'u irin na Musa. Ka tsare masu tafiya a hanya, ka ba Mubi da ƙasarmu salama. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.