Jawabi a kan gidan tsofaffinmu da zuwan masu bincike

Maigari, liman, iyayenmu maza da mata, ƴan uwa da kunka taso daga Yamai, Kwatano, Legas da Kamba, barkanku da zuwa. Kwamiti ya ɗora mini in yi bayani a kan gidan da munka gyara don tsofaffin da ɗiyansu ke wajen bida, da kuma masu binciken da za su zo daga gunduma kafin a buɗe shi.

In fara da maganar da ake yi a bayan zana. Wasu dattawa sun ce gidan tsofaffi al'adar Nasara ce, a ƙasar Arewa abin kunya ne. Baba, ban musa ba, tsohon da ke da mai ba shi fura a gida ba ya da abin yi a can. Amma ku ƙirga da kanku tsofaffi nawa ne a garin ga waɗanda, in an gama girbi samari sunka tafi, ba mai ɗebo musu ruwa sai ɗiyar maƙwabta in ta tuna. Don su munka yi ɗakunan, kuma ba wanda za a kai da ƙarfi. Kowane tsoho za a tambaye shi gaban maigari da wani danginsa, a rubuta yardarsa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ranar da ya ce zai koma bukkarsa, sai a raka shi.

Abu na farko da baƙin za su nema shi ne takardu. Tun dokar 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984 anka tsara yadda ƙungiya ke samun amincewar hukuma, to takardarmu ta fito daga akwati a yi mata fotokopi. Sai takardar fili. Kowa ya san wanda ya ba mu wurin, Allah ya saka masa, amma kyautar baki tana mutuwa tare da mai bakin. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, su ne ke ba da shaidar kyauta. A same ta yanzu da mai kyautar ke raye kuma magadansa na nan. Ku tuna kuma tun 2011 Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta, dabam da Dogon Dutsi. Wanda ya daɗe a waje kada ya ɗauki takarda ya wuce Dutsi bisa sabo, ya tambayi sakatare tukuna.

Yanzu ga inda nake so in daɗe. Mu mushen lakwal mun san yadda ake yi a wasu wurare in an ji sufeto na tafe: a share fili, a shafa farar ƙasa, a koya wa yara amsa. Sufeto ya hau mota, ƙura ta koma inda take. Kada mu yi haka da iyayenmu. A Faransa, ƙasar da ke da dokoki fiye da yadda za mu iya karantawa, a 2022 wani ɗan jarida, Victor Castanet, ya tona yadda kamfanin Orpea ke tsuke abinci da kayan tsabtar tsofaffi a gidajensa don riba, har gwamnati ta ce a bi gidajen tsofaffi 7,500 na ƙasar a bincika su duka. Takardu ba su hana ba. Shi ya sa nake roƙon a sa mutum biyu, mace da namiji, waɗanda ba su cikin kwamiti, su riƙa leƙa gidan ba tare da sanarwa ba, wata rana da asuba, wata rana bayan isha'i, su tambayi tsofaffin da kansu abin da sunka ci.

Sai maganar zafi. A Faransar nan dai, zafin watan Agusta na 2003 ya kashe mutum kusan 15,000, galibinsu tsofaffi, daga nan anka tilasta wa gidajen su tanadi ɗaki mai sanyi. Mu da ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, ɗakunanmu kuwa rufin kwano ne. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, yana iya bushewa bai ce uffan ba. A yi rumfa babba ta zana, a sa randa a kowane ɗaki, mai kula ta riƙa miƙa moɗa ko ba a nema ba.

Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, na maza dabam na mata dabam, da marufi, da sandar dafawa a bango, don gwiwar ɗan shekara 80 ba ta tsuguno ta tashi ita kaɗai. Dokin ƙofa a rage tsawonsa. Sange a kowane gado, fitila a kan hanyar masai, murhu nesa da zana.

Magani yana bukatar kaye nasa. Kowane tsoho da shafinsa: sunansa, ciwonsa, hawan jini ne ko suga, abin da likita ya rubuta, da lambar wanda za a kira ko da tsakar dare. Magani ya zauna cikin akwati mai kwaɗo, a duba ranar lalacewarsa, kuma na ƴan tebur a kasuwa kada ya shiga gidan. Za mu roƙi manjon asibitinmu ya riƙa zuwa awon jini sau ɗaya a wata. Kyautar magani da gwamnati ta fara a 2006 an yi ta ne don yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki, saboda haka kuɗin maganin tsofaffi daga asusunmu zai fito.

Nan ne maganar ta zo kanku, ƴan uwa na waje. Kun yi ƙoƙari wajen siminti da kwano, amma bango ba ya cin tuwo. Matan biyu da za su yi dahuwa da wanki albashi za a ba su kowane wata, kada a ce su yi don lada alhali su ma suna da bakunan ciyarwa. Jika guda da ke zuwa kowane wata ta fi jika 20 da ke zuwa ranar salla kaɗai. Ma'aji ya buɗe kaye na shiga da fita, za a nuna wa masu bincike, za a kuma buga shi a wannan takarda tamu.

Ranar da baƙin za su zo, a bar su su zauna da tsofaffin ba ɗan kwamiti a kusa. Abin da sunka ce a gyara, sakatare ya rubuta a karanta mana a taro na gaba. Masu son shiga aikin rumfa da masai su ba da sunansu kafin a watse, aiki zai fara ranar Asabar bayan sallar asuba.