Idan Mai Tsaron Doka Ya Taka Doka

Lacca ga taron al'umma a Bahindi, ƙaramar hukumar Bagudo

  

Mu da ke bakin iyakar Benin mun san darajar ɗan sanda, domin akwai masu kwana a kan hanyar Tsamiya da Lolo don mu yi barci. Amma mun san ɗayan ma: wanda zai zare makullin babur ɗin ɗan kasuwa ya jefa a aljihu sai an ba shi na goro, ko wanda ya zo neman yaro bai same shi ba, ya tasa ƙeyar tsohon ubansa zuwa caji ofis. Yawancinmu sai mu ce mun bar shi da Allah. Allah na nan, amma doka ma ta ba mu hanya.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mayar da dukan wanda ake tuhuma don ya amsa laifi babban laifi. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kwana biyu idan babu. Beli kuma kyauta ne.

Hanyar farko ta cikin gida ce. A kai ƙorafi ga DPO, in bai saurara ba a wuce ofishin Kwamishina a Birnin Kebbi, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda ke da ikon hukunta kowane jami'i ban da Sufeto Janar. Ƙananan jami'ai kan fuskanci shari'ar cikin bariki, a rage musu igiya ko a kore su. Sai dai wannan horo ne ga jami'in, ba ya biyan wanda aka karya wa hannu kuɗin magani.

Diyya sai kotu. Sashe na 46 na Tsarin Mulki ya ba kowa damar zuwa Babbar Kotu, kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Ba zan ɓoye muku ba, karɓar kuɗin yakan yi wuya ko bayan an yi nasara, shari'a kuma tana jan ƙafa. Mutane shida da 'yan sanda suka kashe a Abuja a 2005, sai 2017 aka yanke hukunci. Duk da haka an yanke, saboda danginsu ba su yi shiru ba.

Don haka ku riƙe sunan jami'i da lambarsa, da rana da wurin, ku karɓi takardar asibiti, ku nemi shaidu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nufi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Ku kuma shugabanni, ku raka talaka idan zai kai ƙara, kada tsoro ya mayar da shi gida.