Wa ke Tambayar Mai Riƙe da Dukiyar Jama'a?

 

An umurce ni da in yi magana kan sababbin hanyoyin sa ido a ma'aikatun hukuma. Ni ba masanin kuɗi ba ne, aikina gabatar da shiri a rediyo. Sai dai duk ranar da muka buɗe layin waya, ba a rasa mai cewa: "Mun biya lampo, mun biya tikitin kasuwa, ina kuɗin suka shiga?" A kan wannan tambaya zan tsaya.

Iyayenmu ba su bar mulki ba linzami ba. Tun da Ɗan Kasawa ya kafa sarautar Katsina a nan Maraɗi, akwai Rukuni huɗu: Ƙaura, Galadima, Ƴandaka da Durɓi. Su ke zaɓen sarki, suna kuma da bakin tsawata masa in ya kauce. A Tibiri ma Taran Gobir na nan, ga Inna a gefen sarki. Ba su da kwamfuta, amma mai riƙe da amana ya san akwai wanda zai tambaye shi, kuma ba ya iya ƙin amsawa.

A zamaninmu an zo da wasu dabaru. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, kuɗin gari ya dawo hannun magajin gari da majalisarsa, sarakuna na zama cikinta don ba da shawara. A 2010 aka ware kotun binciken kuɗin ƙasa ta tsaya da ƙafarta, a 2011 aka kafa HALCIA don yaƙi da cin hanci. A 2018 kuma ƙasarmu ta koma ga kasafin kuɗi bisa aiki, kamar yadda ƙungiyar UEMOA ta tsara tun 2009.

Wannan na ƙarshe ya cancanci bayani. A da, in an ba ma'aikata kuɗin gina rijiyoyi, abin da ake nema gare ta shi ne takardun shaidar ta kashe su. Sabon tsari yana tambaya: rijiya nawa aka yi alkawari, nawa aka gina, nawa ke ba da ruwa? Takarda na iya cika, rijiya na bushe. Shi kuwa mai binciken da ke Yamai takardar yake gani, matar da ke jan guga ita ke ganin rijiyar. In ba a haɗa idanun nan biyu ba, tsari kome kyansa ya zama ado.

Mu dubi manoman rani na Jiratawa. Kowa na biyan kuɗin ruwa ga ƙungiya, da su ake biyan lantarkin famfuna da gyaransu. In kuɗin suka salwanta, ba sai an aiko sufeto ba, zogale da kansa zai nuna. Don haka manomi ke son jin lissafi a gaban taro. Abin da ya dace da gona ya dace da gari.

A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Ko zaɓaɓɓe ne ke kan kujera ko naɗaɗɗe, mai unguwa da mai gari su ne ke bin gida gida karɓar lampo, su ne talaka ke kallo. Bai kamata a aiki mutum karɓar kuɗi, a hana shi sanin abin da suka zama ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A karanta kasafin gari da Hausa a ƙofar fada sau biyu a shekara, abin da ya shigo da abin da aka yi. A ba kowane mai unguwa takardar ayyukan unguwarsa. Mu kuma ƴan rediyo mu ba da fili, jama'a su yi tambaya, masu hukuma su amsa da bakinsu.

Sarautar da ta kai shekara ɗari da amana ta kai.